Hatimin Notari da Takardun da Ke Tsallaka Iyakar Jibiya

Ɗan Jibiya ba ya buƙatar tafinta idan ya shiga Ɗan Issa ko ya zarce Maraɗi. Hausar ɗaya ce, dangin ɗaya ne, wani ma surukansa suna can. Takardarsa ce ke zama baƙuwa da zarar ta wuce shingen Magama. Najeriya ta gaji tsarin shari'arta daga Ingila, Nijar ta gaji nata daga Faransa, kuma ma'aikacin da ke zaune a ofis a Maraɗi bai san sa hannun shugaban makarantarka ba, bai san na mai motar da kake tuƙawa ba. Yana neman wani wanda doka ta sani ya tsaya ya ce: na ga mutumin nan da idona, na tabbatar shi ne, a gabana ya sa hannu. Wannan shi ne aikin notari. Shi nake haɗawa da aikin lauya a Katsina, kuma da yawa daga masu sallama a ofishina mutanen kan iyaka ne: direbobi, 'yan kasuwar hatsi da dabbobi, ɗalibai masu karatu a jami'o'in Maraɗi, da magadan da mamacinsu ya bar dukiya a ƙasashen biyu.

A Najeriya kowane notari lauya ne, amma ba kowane lauya ne notari ba. Alƙalin Alƙalan Najeriya ne kaɗai ke naɗa shi, ba gwamna ba, ba ƙungiyar lauyoyi ba. A aikace sai lauya ya shekara bakwai da shiga aikin, ya nuna yana biyan kuɗin izinin aikinsa na shekara-shekara, kuma babu tabo a sunansa. Idan aka amince da shi sai ya yi rantsuwar kama aiki, a shigar da sunansa cikin rajistar da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ke riƙewa a Abuja. Daga nan ya zama jami'in Kotun Ƙoli, kuma idan ya ci amana ana iya dakatar da shi ko a soke sunansa. Dokar notari ta farko tun 1936 take, zamanin Turawa, sai a 2023 aka maye gurbinta da sabuwa. Saboda haka ɗan hatimin ƙungiyar lauyoyi da kowane lauya ke liƙawa a takardunsa daban, hatimin notari daban. Haka kuma kwamishinan rantsuwa da ke rajistar kotu yana da ikon rantsar da kai a kan canjin suna ko ɓatan takarda, kuma don amfanin cikin gida yawanci hakan ya wadatar. Takardar da za ta fita waje ce aka fi neman notari a kanta.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. Notari yana shaida sa hannu, yana rantsar da mai ba da bayani, yana duba kwafi da asalinsa ya tabbatar sun yi daidai, yana shaida takardar wakilci. Wuyar tana wajen ƙin bugawa.

Sau da yawa matashi zai shigo da takarda an riga an dangwala mata yatsa, ya ce, "Barista, Baba ne ba ya jin ƙarfi, ga hannunsa nan ya sa, a taimaka a buga mana mu kama hanya kafin yamma." Amsata ba ta canzawa: ko a kawo Baba, ko a kai ni wurinsa. Ba zargin yaron nake yi ba. Hatimin cewa yake yi mutumin ya bayyana a gabana, to in bai bayyana ba, ni ne na fara ƙarya tun kafin takardar ta isa ko'ina. Sai na ga katin shaidarsa, na ɗan ƙasa ne ko fasfo ko lasisin tuƙi, na dubi hoton na dubi fuskar. Dokar 2023 ta buɗe ƙofar yin wannan ta bidiyo kai tsaye, da hatimi da sa hannu na kwamfuta, ga notarin da ya yi rajistar hakan a Kotun Ƙoli. Sauƙi ne babba ga wanda ke Saudiyya ko Ingila. Ga dattijon da ke ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, har yanzu tafiyar ce mafita. Kuma ko ta bidiyon ne, shi mai sa hannun za a gani, ba ɗansa ba.

Bayan gani sai ji. Yawancin takardun nan da Turanci ake rubuta su, alhali mai sa hannun da Hausa yake lissafin dukiyarsa. Malamin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, ba jahili ba ne, amma shafi uku na Turancin lauyoyi ba su ce masa komai ba. Doka ta tanadi cewa irin wannan mutum a karanta masa, a fassara masa da harshen da yake ji, sannan a rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan kuma ya nuna ya fahimta. Ni nakan ƙara da tambaya ɗaya: "Alhaji, gaya mini da bakinka, me ka ba shi izinin yi?" Nan ake gane wanda ya ɗauka izinin karɓar haya ya bayar, alhali takardar ta ce har da sayar da gidan.

Wannan ya fi tsanani a harkar gado. Mutum ya rasu ya bar shago a Maraɗi da gida a Jibiya, sai babban ɗa ya zo da takardar da ta ce matan mamacin da 'yan'uwansa mata duk sun wakilta shi. Nakan nemi jin kowacce ita kaɗai, ba a gabansa ba. Wasu suna ɗaukar abin cin fuska. Amma macen da kunya ko tsoron wanta ya hana ta magana a falo, takan buɗe baki idan aka ce, "Hajiya, babu dole, in ba ki yarda ba ki faɗa." Doka ta ba notari damar ƙin aiki idan lamari ya yi masa wari, kuma ta hana shi buga hatimi a kan abin da shi kansa yake da ruwa da tsaki a ciki.

Akwai kuma abin da hatimin ba ya yi, kuma a nan ne ake cutar mutane da shi. Ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Idan ka rantse cewa motar taka ce, na shaida ka rantse, ban shaida taka ce ba, kuma in ƙarya ce kai doka za ta kama da laifin rantsuwar ƙarya. Ba ya zama takardar biyan kwastan. Motar da ba a biya mata fito ba tana nan yadda take ko da hatimi goma aka jera mata. Ba ya mallaka fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ta gwamna ba ya mayar da haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna, takardar wakilci kuwa izini ce kawai, ba ciniki ba. Amfaninta na gaske yana cikin Dokar Shaida ta 2011: kotu za ta ɗauka cewa takardar wakilcin da aka sa wa hannu gaban notari, ya kuma shaida ta, haka aka yi ta, sai mai musu ya kawo hujja.

Idan ka tsallaka Nijar, wanda suke kira noter wani abu ne daban. Ba lauya ne mai ƙarin hatimi ba, sana'a ce mai zaman kanta ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Shari'a. Shi ke rubuta yarjejeniyar da kansa, ya ajiye asalinta a ofishinsa, ya ba ku kwafi, kuma takardarsa tana da nauyin da tamu ba ta da shi: bashin da aka amsa a gabansa ana iya bin sa da ƙarfin hukuma ba sai an sake buɗe shari'a daga farko ba. Dokokin kasuwancinsu ma na OHADA ne, tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar 1993, wanda ƙasashe 17 suka haɗu a kai, kuma Najeriya ba ta ciki. Don haka mai son kafa kamfani ko sayen gida mai takarda a Maraɗi, hatimina ba zai tsaya masa a madadin noter ba. Iyakata in shaida wakilcin da zai aika wani da shi can.

Hatimin ma ba kullum yake isa shi kaɗai ba. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 da ta sa tambari ɗaya ke wadatarwa tsakanin ƙasashen da suka sa mata hannu. Idan ofishin da za a kai takardar ya nemi cikakken tabbaci, daga notari sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Nijar. Takardun makaranta kuma sai sun fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Sau da yawa za a nemi fassarar Faransanci, domin ko da yake kundin mulkin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci yana nan cikin harsunan aiki. Kafin ka kashe ko sisi, ka tambayi ofishin da zai karɓi takardar me yake so. Wani hatimin notari ya ishe shi, wani sai an bi duk matakan.

An rufe iyakar nan a Agustan 2019, ba a buɗe Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024. A waɗannan lokutan mutane da yawa sun wakilta 'yan'uwa da yaran shago a kan kayansu da basussukansu da ke ƙetare, wasu a gurguje, da takardun da suka ce wakili na iya yin "duk abin da ya ga dama". Irin waɗannan takardu suna nan a hannun mutane har yau. Wakilcin da ba a sa masa wa'adi ba yana ci gaba da aiki har sai an janye shi ko mai shi ya rasu. Wanda ya san ya taɓa ba da irin wannan, kuma buƙatar ta wuce, ya rubuta takardar janyewa gaban notari, ya ba wakilin kwafi, ya kai wani kwafin zuwa banki ko ofishin da aka taɓa nuna wa ta farkon. Wanda kuma zai ba da sabo, a rubuta aikin da sunansa: wace mota, wane shago, wane bashi, zuwa wace rana.