Kada Mu Ci Irin Shukarmu

Babu ɗayanmu da ya shigo makarantar nan ba tare da wani buri a ransa ba. Wani so ya ke ya zama malami, ya koma garinsu ya buɗe aji. Wani aikin asibiti ya ke nufi. Wani kuwa ba shi da muradin da ya wuce ya iya bayyana wa iyayensa Littafi Mai Tsarki da harshensu. Amma kafin shekara ta kewayo sai mu ga gwiwar waɗansu ta yi sanyi. Jarrabawa ta ka da wannan, kuɗin makaranta ya gagari wancan, ga wasiƙa daga gida ana cewa tsoho ya gaza, a zo a karɓi fartanya. Wannan ciwo shi a ke kira karayar zuciya, shi ne kuwa darasinmu na wannan fitowa.

Mu fara da abin da kowane yaron ƙasar Kankiya da Kusada ya sani tun yana bin ubansa gona. Da kaka, kafin a zuba dammuna a rumbu, mai gida ya kan zaɓi zangarniyar gero mafi ƙwari ya ajiye dabam. Iri ke nan. Bazara ta wuce, ruwan farko ya sauka, a yi shuka; wani ma binne ya ke yi tun ƙasa tana busasshiya, don sa rai. Sau da yawa ruwa ya kan ɗauke bayan tsiro ya fito, rana ta ƙone shi ƙurmus. Manomin kirki ba ya sayar da gonarsa saboda haka. Ya kan koma ga sauran irin da ya rage, ya jira ruwa, ya sake shuka, har sau biyu, har sau uku. Ƙasar nan ta ga yunwar 1914 wadda a ke kira Kakalaba, ta kuma ga farin 1973. A irin waɗannan shekaru, hasarar da ta fi kowace muni ita ce ta gidan da yunwa ta matsa wa har suka daka irinsu suka ci, gama ran da ruwa ya dawo ba su da abin jefawa a rami.

To, karayar zuciya yunwa ce. Irinmu kuwa shi ne bangaskiyarmu cewa Allah ya ba mu baiwa don wani aiki, da kuma sabon da muka yi na tashi kullum mu yi ɗan abin da ke gabanmu. Ran da mutum ya rufe littafinsa, ya daina addu'a, ya ce shi ba mai rabo ba ne, ran nan ya ci irinsa.

Kada wani ya zaci wannan ciwo na marasa bangaskiya ne kaɗai. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, mun ga annabi Iliya, wanda bai daɗe da yin nasara bisa annabawan Ba'al a Dutsen Karmel ba, ya gudu cikin jeji don tsoron Yezebel, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa. Mu lura da yadda Ubangiji ya bi da shi. Bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa abinci da ruwa har sau biyu. Sai da ya kai Horeb sa'an nan aka gyara masa lissafi: shi yana tsammani shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Daga nan aka ba shi sabon aiki, aka ba shi abokin tafiya, watau Elisha.

Labarin yadda bishara ta iso ƙasarmu ma labarin sake shuka ne. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Ikko, watau Legas, da nufin kaiwa ƙasar Hausa: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Ba su da wata babbar ƙungiya a bayansu, kuɗinsu kuma kaɗan ne. A cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, ta ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada, ba shi da abin nunawa sai labarin kaburbura biyu. A 1900 ya sake zuwa, zazzaɓi ya kwantar da shi a Ikko, aka mai da shi gida. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tashar farko a Patigi, bakin Kwara, a 1902, shi kansa ma ba ya cikin ayarin. Wannan ita ce mishan ta SIM. Wajen 1937, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ma'aikatanta suka karɓi aikin jinyar masu ciwon kuturta a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. Aikin ya kai Malumfashi, ya kai Matazu, maƙwabciyar Kankiya, a 1954 kuma ikilisiyoyin suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Bingham ya rasu a 1942, bai ga wannan rana ba.

Haka kuma Likita Walter Miller na mishan ta CMS. A 1900 ya isa Kano cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarkin Kano Aliyu ya umarce su su fita. Suka koma Girku, can ɗaya daga cikinsu ya rasu. Miller bai saki harshen Hausa ba. Ya zauna Zariya daga 1905, yana koyarwa yana fassara tare da waɗansu, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Daga korar Kano zuwa wannan rana shekara 32 ke nan. Mu da mu ke kuka don wata shida sun wuce ba mu ga amfanin karatunmu ba, sai mu auna.

Me za mu yi ke nan in ciwon ya kama mu? Ga shawara huɗu.

Ta fari, kada mu yanke babbar shawara da gajiya. Mai zazzaɓi ba ya sanin daɗin miya. In zuciya ta ce a bar makaranta, mu fara yin barci, mu ci abinci, mu kai maganar gaban Ubangiji kamar yadda ta ke, ba ado. Zabura cike ta ke da kukan bayin Allah, bai kuwa ƙi saurarensu ba.

Ta biyu, mu rarraba aikin. Sa'ad da Nehemiya ya ke gina garun Urushalima, da aka kai rabi sai mutane suka karai don yawan tarkace. Amma an riga an ba kowace ƙungiya yankinta, waɗansu ma daura da ƙofar gidansu, aka kuwa gama cikin kwana 52. Mai noma ba ya duban iyakar gona, kunyar da ke gabansa ya ke dubawa. Shafi guda yau, lissafi biyar gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta uku, mu kira gayya. Gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, samarin unguwa su kan gama ta kafin azahar. Wanda ya ɓoye damuwarsa don kunya, ya hana 'yan'uwansa ladan taimako. Mu gaya wa aboki, mu gaya wa malami. Mu ma mu riƙa lura da wanda ya yi shiru a aji, ko ya fara ƙin zuwa sujada, mu neme shi tun abin bai yi nisa ba.

Ta huɗu ita ce mai wuya. Mu bambanta burin da hanyar da muka zana masa. Manzo Bulus ya so shiga Bitiniya, aka hana shi, ashe Makidoniya ce ke jiransa. Sarki Dawuda ya so gina Haikali, aka ce ɗansa ne zai gina. Bai yi fushi ba, ya tara wa Sulemanu duwatsu da katako da ƙarfe. Yana yiwuwa wanda ya so aikin likita ya zama malamin da zai koyar da likitoci. Yana yiwuwa kuma wanda aka kira gida ya riƙe fartanya, shi ne zai fara tara yaran ƙauyensu a gindin tsamiya da yamma ya koya musu baƙaƙe. Kirista ba ya ce wa Allah lalle sai ta nan. Abin da ke wuyansa shi ne aminci cikin abin da aka danƙa masa yau.

Maƙwabtanmu na Kankiya da Kusada, Musulmi da Kirista, duk sun yarda cewa ruwan sama ba a hannun manomi ya ke ba, amma iri a hannunsa ya ke. Mu kuwa muna da ƙarin dalilin sa zuciya, gama Almasihu da mu ke bi an sa shi cikin kabari, almajiransa suka fid da rai, a rana ta uku ya tashi. Saboda haka, 'yan'uwa, wanda shukarsa ta ƙone a zangon da ya wuce, ya duba abin da ya rage masa, ya gyara ramukansa, ya jira ruwa. Allah ya ba mu haƙuri da jimiri, ya sa mu ga kaka lafiya. Amin.