Jiki Amana Ne: Darasi Kan Cin Abinci Da Rage Ƙiba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ciyar da mu, ya shayar da mu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, wanda duk ya lura da masallatanmu na birni, ko a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, zai ga masu salla a bisa kujera a gefen sahu. Wasunsu ba su wuce shekara hamsin ba, nauyin jiki ne ya ci gwiwoyinsu har sujada ta gagare su. Shi ya sa muka keɓe darasinmu na yau a kan abinci da ƙiba.

Yadda muke kallon ƙiba

Mun tashi mun tarar ana ɗaukar teɓa shaidar arziki, mace mai jiki kuwa shaidar mijinta yana riƙe ta da kyau. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta sha fari da yunwa a 1973 da 1984. Amma likitoci sun tabbatar cewa kitse idan ya yi yawa, musamman na ciki, yana hana sinadarin insulin aikinsa, sai sukari ya taru cikin jini. Yana kuma jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba.

Likitoci suna gane ƙiba ta hanyar gwada nauyi da tsawo. Misali, mai tsawon santimita 170 idan ya haura kilo 72 nauyinsa ya fara yawa, idan ya kai kilo 87 ya shiga ƙiba. Wanda ba shi da sikeli sai ya auna tsawonsa da igiya, ya ninke ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita ɗan sama da cibiya. Idan bakinta biyu ba su haɗu ba, to lokacin gyara ya yi.

Ma'aunin da addini ya ba mu

A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah ya halatta mana ci da sha, ya kuma hana mu wuce iyaka. Imam Tirmizi ya ruwaito hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Karib, wanda a cikinsa Annabi (S.A.W.) ya gargaɗe mu game da cika tumbi, ya koya mana mu raba shi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Wannan shi ne tushe: mu cire hannu daga akushi tun da sauran wuri.

Abubuwa biyar da za mu gyara

1. Sukari. OMS ta ba da shawara kada sukarin da baligi yake ƙarawa a rana ya wuce kimanin garam 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 33 tana iya ɗauke da garam 35. Mu ƙara da na shayin da ake dafawa sau uku a majalisa, da na koko da na fura, mu ga inda lissafi ya kai. Mu rage shi kaɗan-kaɗan har harshe ya saba.

2. Mai. Ƙarfin da ke cikin garam ɗaya na mai ya ninka na sukari fiye da sau biyu. Saboda haka uwargida ta riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, ƙosai da fanke da soyayyen nama kuwa su zama na jefi-jefi.

3. Gishiri. Kada ya wuce garam 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi, domin yawansa yana ɗaga jini.

4. Abincinmu na gado. Tuwon hatsi da na dawa, da wake, da dambun zogale, da kwaɗon rama, da miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, duk suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da taliya da burodi. OMS tana son mutum ya samu garam 400 na ganye da ƴaƴan itace kullum. A yawaita ganye da wake, a rage malmala.

5. Motsa jiki. Ana son aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 a kwana biyar. Mai hawa kabu-kabu zuwa kasuwa ko masallaci yana iya taka rabin hanya da ƙafa. Magidanta kuma su sauƙaƙa wa iyalinsu samun lokacin motsa jiki, domin wannan kulawa ce da ke cikin haƙƙinsu.

Hanyoyi masu haɗari

Sannu ba ta hana zuwa. Ragin da likitoci suka yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Mai kilo 100 idan ya sauke 5 zuwa 10 ya kuma riƙe hakan, sukarinsa da hawan jininsa sukan yi sauƙi.

Mu guji shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake talla a tire ko ta wayar salula. Da yawa gudawa ko yawan fitsari suke sawa, ruwan jiki ya tafi, kitse yana nan, ƙoda ta wahala. An sha gano sinadarin sibutramine ɓoye cikin irin waɗannan kaya, alhali tun 2010 aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka saboda haɗarinsa ga zuciya. Allurai na zamani irin su semaglutide suna aiki, amma ba a taɓa su sai da umarnin likita. Horon kai da yunwa ma ba hanya ba ce, domin tsoka yake cinyewa, kitsen kuma ya dawo daga baya.

Haka nan muna jan hankalin ƴan'uwa mata game da ƙwayoyin sa ƙiba, musamman dexamethasone. Kumburin da take kawowa cuta ce, tana kuma jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi.

Wannan nasiha ta rage nauyi ba ta shafi mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara ba, su ƙarin abinci mai gina jiki suke buƙata. Wanda ya ga yana ramewa ba dalili ya gaggauta zuwa gidan likita, domin ciwon sukari da tarin fuka sukan zo da haka. Mai ciwon sukari kuma ya shawarci likitansa kafin azumi. Sauranmu kuwa kada mu rushe ribar Ramadan da soye-soye da lemo a lokacin buɗa-baki.

A ƙarshe, mu tuna cewa a unguwar da wani yake neman rage teɓa akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba. Abin da muka rage daga akushinmu, mu miƙa shi ga maƙwabci, mu samu lafiya mu samu lada.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.