Ruwan Ya Dawo, Amma Ba Irin Na Da Ba

Duk malamin gonar da ya yi aiki a ƙasar Gobir, daga Unguwar Lalle zuwa Sabon Birni har Isa, ya san tambayar da manoma suka fi yi masa idan bazara ta shigo: "Malam, mu yi binne ko mu jira?" Iyayenmu ba su cika buƙatar tambayar kowa ba. Su dubi gabas, su ji iska, su san lokaci ya yi. Yanzu alamomin suna yaudara. Ruwa ya sauko, a shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone. A sake shuka har irin da aka ajiye ya ƙare, a koma kasuwa a saye shi da tsada.

Da yawa suna cewa ruwa ne ya ragu. Abin da nake gani a gonaki ya ɗan sha bamban da haka. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, rumbuna suka zama wayam. Daga shekarun 1990 yawan ruwan da ake samu a shekara ya farfaɗo a yankin Sahel. Yadda yake zuwa ne ya canza. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya rabu cikin wata guda sai ya zubo a dare ɗaya. Ƙasarmu ta jigawa ba ta iya shanye shi. Ya kwashe taki, ya ɓalle kunya, ya haƙa kwazazzabo, ya gangara Gulbin Rima. Mai gonar tudu ya yi asara, mai fadama ma ruwa ya haye masa shinkafa. Mutanen Goronyo ba su manta da ambaliyar 2010 ba, kuma a 2024 mun ga abin da ya faru da maƙwabtanmu na Maraɗi.

Ruwa na Allah ne, babu mai musu. Amma akwai sababi, kuma masana sun gano shi. Ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki yana tara iskar kabon a sararin sama, ita kuma ta lulluɓe duniya kamar bargo, ta hana zafi fita. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan, yau ya haura 420. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa idan ta sake shi yake zuwa da ɓarna, kuma ita ce ke saurin busar da ƙasa idan ruwa ya ɗauke. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi. Abin yana ci mini rai, domin manomin da bai mallaki ko babur ba shi ke biyan bashin da wasu suka ci.

To amma akwai rabonmu, kuma a nan ne hannunmu zai iya kaiwa. Gonar da ba itace ita ce ta fi shan wahala. Iskar farkon damina ta kwaso rairayi ta binne tsiro, rana ta gasa ƙasa, ruwa ya wuce ba abin tare shi. Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. 'Yan bindiga sun hana noma gonakin nesa, jama'a sun taru kusa da gari, ana nome wuri ɗaya kowace shekara ba hutu. Wanda ya rasa gona da dabba kuwa ba shi da abin sayarwa sai itace da gawayi. Ba na zargin mai neman abin sawa a bakin 'ya'yansa, sai dai sabara da kalgon da ake tonewa har saiwa su ne garkuwar gonar.

Maganin da na fi yarda da shi yana tsallaken iyaka, wurin 'yan uwanmu Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ake sassabewa kowace shekara saiwarsu tana raye. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su daga dabba da wuta. Manoma suka kira wannan hanya sassaben zamani. Ba sayen dashe, ba ban ruwa. Manoman Nijar sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Gawo shi ne sarki a ciki: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ku duba geron da ke gindin gawo ku kwatanta da na fili, ba sai na yi dogon bayani ba.

Shirin dashen itatuwa da ake kira Babbar Katangar Itatuwa ya haɗa da Jihar Sakkwato, kuma dashe yana da amfaninsa, amma dashen da ba a ba wa ruwa ba, ba ya kaiwa bazara. Tohon kututture yana kaiwa.

Game da binne kuwa, amsata ita ce kada a zuba iri duka a ruwan farko. A raba shi, a nemi gero mai saurin nuna irin Sosat a haɗa da namu na gida, a saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara. Kafin a ɗauki gatari a bana, a zagaya gona a ƙirga kututturen da suka yi toho, a ɗaura musu tsumma don yaran da za su yi sassabe su gane su.