Filin Wasa na Fada Bosko

Da yake dogon hutu ya gabato, bari mu tuna da Waliyyi Yohanna Bosko. A birnin Turin na Italiya yakan tara yara leburori kowace Lahadi: su yi Misa, su koyi katekisim, sa'an nan su yi wasa har yamma. Maƙwabta suka yi ta korarsu saboda hayaniya, sai a 1846 suka sami wata rumfa a unguwar Baldoko.

Abin lura shi ne bai zauna a inuwa yana kallo ba. Yakan shiga tsere tare da su cikin rigarsa ta firist. Mu kuwa sai mu sayi ƙwallo, mu miƙa wa katekis, mu koma gida. Sansanin yara na bana yana bukatar iyayen da za su kwana tare da su.