Murhu Ma Yana Numfashi

Wuta ba ta rayuwa sai da iska, kamar dai ɗan Adam. Idan itace yana ci, sinadarin kabon da ke cikinsa ne yake haɗuwa da iskar oksijin, ya ba da zafi. In iskar ta wadata, harshen wuta zai tashi tas, hayaƙi kaɗan. In kuwa ta yi ƙaranci, sai ƙonewar ta tsaya rabi da rabi, murhu ya dinga fitar da hayaƙi da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid.

A ƙasar Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi, gidaje da yawa a kan duwatsu uku suke girki. Da damina akan koma ɗakin girki da jiƙaƙƙen itace, da hunturu kuma akan shiga ɗakin kwana da kaskon garwashi a rufe ƙofa. Waɗannan lokuta biyu su ne mafi haɗari. Kabon monoksayid ba ta da launi ko wari, amma tana kama himogulobin, watau sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, shi ya sa akan ɗauke ta zazzaɓi. Wanda ya nuna alamun nan kusa da wuta, a fitar da shi sarari nan take, sa'an nan a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta halaka mutane kimanin miliyan 3.2, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙar ta.

Gyara yana farawa daga toka. Idan ta taru, tana toshe hanyar da iska ke bi ta ƙarƙashin itace, saboda haka a kwashe ta kowace safiya kafin a hura wuta. Sai dai toka mayaudariya ce. Samanta na iya yin sanyi alhali garwashi yana raye a cikinta har kwana guda ko fiye. A zuba ta a kwanon ƙarfe ko tsohon kasko, ba a roba ko kwando ba, a yayyafa mata ruwa, a kuma ajiye ta nesa da zana da rumbu da tarin kara. Iskar hunturu ba ta buƙatar fiye da ƙwayar garwashi ɗaya ta cinye amfanin gonar shekara. Tokar da ta mutu kuwa ba shara ba ce, tana da sinadaran fotasiyam da kalsiyam masu amfanin shuka.

Sai kunkunniya, baƙin nan da ke lilo a jinka da azara. Wasu na ganin ta alamar gidan da tukunya ba ta sauka, amma hayaƙi ne da ya daskare tare da wani maiƙo mai kama da kwalta, kuma yana kama wuta. Tun a 1775 wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya lura da yawan ciwon daji a tsakanin masu sharar bututun hayaƙi, ya danganta shi da wannan baƙin. A share ta bayan wuta ta mutu sarai, a fitar da abinci da yara, mai shara ya rufe hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya yi wanka bayan ya gama.

Murhun zamani na yumɓu, irin wanda Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta yi aiki a kansa, yana rage cin itace, amma shi ma yana son kulawa. In ya tsage a liƙe shi da laka, in yana da bututu a riƙa zura sanda mai tsumma ana goge cikinsa. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, don haka a faskara shi a shanya tun kafin ruwa ya sauka. Kada a hura wuta da leda ko fetur.

Malami na iya nuna wa ɗalibai duk wannan da kyandir ɗaya. Ya sa cokalin ƙarfe a tsakiyar harshen wutar, zai fito da baƙi, domin ya katse ƙonewar. Sa'an nan ya kife kwalba mai faɗin baki a kan kyandirin, ɗalibai su ƙirga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya mutu.