Darasi: Labarin Shekarar Wahala Amana Ne a Wuyan Jama'ar Damargu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa lokacin da Ya so, Mai riƙe shi lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu suke ɗauka aikin ma'aikata ne kawai, wato yadda hukumomin da ke kusa da mu, tun daga gidan mai gari har ofishin magajin gari da na perefe, suke shirya wa shekarar wahala, da yadda suke tashi idan ta auku. Abin da nake so mu fahimta shi ne, buhun hatsin agaji da ake saukewa a ƙofar mai gari cikin bazara, asalinsa magana ce da wani ya faɗa tun cikin kaka. Idan maganar gaskiya ce kuma ta tafi da wuri, buhun ya iso kan lokaci. Idan kuwa an yi nauyin baki, ko an gauraya ta da ƙarya, sai ya sauka a wani gari, ko ya iso bayan an sayar da akuyar ƙarshe.

Damargu ƙasar hatsi ce tun zamanin kakanni, a nan ayarin Abzinawa suke awo kafin su koma arewa. Amma ƙasa ce da ke bakin iyakar noma, ruwan da ke sauka a Tanut cikin shekara bai cika wuce milimita 300 ba, saboda haka damana ɗaya in ta karye, gari ya girgiza. Tsofaffi sun bar mana sunan Ƙaƙalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974 wanda ya share garkuna. Sa'an nan ga ta 1984 zuwa 1985 da aka laƙaba wa El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Kowace daga cikinsu ta bar wani tsari a bayanta. Bayan yunwar 1931 Turawan Faransa suka tilasta wa garuruwa rumbun tsimi, jama'a kuma suka ƙi jininsa saboda da ƙarfi ake karɓar hatsin. A 1970 aka kafa OPVN, hukumar da ke ajiyar cimaka ta ƙasa. A 1989 aka kafa ofishin gargaɗin farko, wanda aikinsa tattara labarin damana da farashi da lafiyar jama'a. A 1998 gwamnati da masu ba da tallafi suka haɗa tsari guda na rigakafi da magance ƙarancin cimaka, ƙarƙashin ofishin Firayim Minista.

Duk da wannan, sai ga shekarar 2005, kuma a kanta nake so mu daɗe, domin yawancin masu karanta wannan takarda sun gan ta da idonsu.

Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Lissafin hukuma ya nuna giɓin hatsi na kimanin tan dubu 223 a ƙasa baki ɗaya. Wannan adadi bai kai kashi goma cikin ɗari na bukatar ƙasa ba, shi ya sa manya da yawa suka ɗauka abin mai sauƙi ne. To amma giɓin bai rabu daidai ba. Ya taru ne a kan garuruwan da ke bakin iyakar noma da makiyaya, irin namu. Gwamnati ta nemi taimako tun Nuwamba 2004, duniya ba ta amsa ba sai kaɗan. Aka zaɓi hanyar sayar da hatsi da rahusa, buhu mai kilo 100 a kan jika 10, aka ƙi rabon kyauta don gudun lalata kasuwa. Amma mutumin da ya riga ya sayar da tunkiyarsa da araha, ina zai samu jika 10? Zuwa watan Yuli buhu ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni. Sai da hotunan yara masu tamowa na Maraɗi suka bazu a talabijin ɗin duniya, sa'an nan aka soma rabon kyauta cikin Agusta, a watan da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zo Damagaram da kansa. A cikin wannan watan ne kuma Shugaba Tandja Mamadu ya faɗa wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara.

Ku lura da tazarar da ke tsakanin Nuwamba da Agusta: wata tara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi a cikinta. A ganina babban abin da ya yi ƙaranci a wannan shekara shi ne labari mai dalla-dalla, gari kaza, gida nawa, rumbu nawa ne wofi, da kuma kunnen da zai yarda da shi. A 2010, da fari ya sake dawowa ya kashe dabbobi masu yawa, hukumar soja ta Salu Djibo ta fito ta amsa cewa akwai matsala, kuma wannan amsawa kaɗai ta gaggauta zuwan agaji.

Yadda labari ke tafiya

An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a karo na farko a 2004, saboda haka lokacin wancan bala'i jarirai ne, ba su da kuɗi ba su da ma'aikata. A gundumar Tanut akwai guda biyar: Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da ƙaramar hukumar Tarka. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Sunan mai kujera ya canja, amma ƙofar da talaka zai buga tana nan inda take.

Ga yadda aka tsara abin. A matakin ƙauye, ana haɗa garuruwa maƙwabta a kafa musu kwamitin sa ido, wanda ma'aikata ke kira SCAP-RU. Mutanen gari ne a ciki, maza da mata, manoma da makiyaya. An ɗora musu zama kowane wata su duba halin cimaka, da lafiyar mutane, da ta dabbobi da makiyaya, da ruwa, da zaman lafiya tsakanin jama'a. Alamomin da suke dubawa kowa ya san su: nawa ne tiyar hatsi a Bakin Birji ko Belbeji, nawa ake sayen akuya, sau nawa ake ɗora tukunya a gida, shin samari sun tafi cin rani kafin lokacinsu, shin mata sun fara fita neman anza. Daga nan su ce wa halin da ake ciki ɗaya daga matakai huɗu, tun daga lafiya lau har zuwa gaggawa. Abin da gari zai iya magancewa da kansa ya magance. Abin da ya fi ƙarfinsa a rubuta a kai ƙaramar hukuma, inda wani kwamiti da ake kira OSV, ƙarƙashin shugaban ƙaramar hukumar, tare da malaman gona da na dabbobi da na daji da na likita, zai tace shi. Daga can sai kwamitin gunduma wanda perefe ke shugabanta, sai na jiha a hannun gwamna a Damagaram, sai Yamai.

Amsar kuma ta wannan hanya take dawowa: hatsin rahusa, ko rabon kyauta ga gidajen da aka tantance, ko aikin gyaran ƙasa da share hanyar tare wutar daji a biya mutane da kuɗi, ko dusa da sauran abincin dabbobi, ko iri.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, kwamitoci da yawa suna raye ne muddin wata ƙungiyar agaji tana biyan kuɗin zama da na man babur, ranar da ta tattara kayanta sai littafin ya shiga akwati. Wannan aibi ne a kanmu. Wane ne ya taɓa neman kuɗin zama kafin ya je ya gaya wa maƙwabcinsa cewa danga ta kama wuta? Sa ido a kan halin jama'a farilla ce ta kifaya: in wasu sun tsaya da ita an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi. Hausawa kuma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɓoyewa da ƙarawa

Hanyoyi biyu ne ake cin wannan amana. Ta farko ɓoyewa. Magidanci yana jin kunya a ce rumbunsa ya ƙare. Mai gari ba ya so a ce garinsa ya kasa. Makiyayi yana ɓoye cutar da ta shiga garkensa don kada a hana shi kasuwa ko rijiya. Uwa tana ɓoye yaro mai sanƙarau ko mashaƙo a ɗaki har ya shafa wa 'yan'uwansa. Kunya halin kirki ce, amma ba ta da wuri inda rai yake cikin haɗari.

Ta biyu ta fi muni, ita ce ƙarawa. Gari ya yi albarka amma a rubuta cewa ya karye, don kada rabo ya wuce shi. Gida mai mutum shida ya zama mai goma sha biyu. A sa sunan wanda ya rasu, ko wanda yake Libiya shekara uku. Mai rubuta sunaye ya fara da danginsa da 'yan ɓangarensa, gwauruwa mai marayu a ƙarshen gari ba wanda ya tuna da ita. Wasu suna cewa ai kayan gwamnati ne, ko na Nasara, ba na kowa ba. Wannan kuskure ne babba. Buhunan ƙidayayyu ne, duk wanda ya shiga gidan mai wadata daga bakin wani mabukaci aka fizge shi, ko da ba ka san sunansa ba. Rubuta sunan da bai cancanta ba shaidar zur ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Ga kuma wata ɓarna da ke biyo baya: garin da aka kama da ƙarya sau ɗaya, ranar da zai faɗi gaskiya sai an yi shakkarsa.

Ku duba abin da ya faru a Madina a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bai ɓoye halin da ake ciki ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, ayari suka zo daga Sham da sauran wurare. Ya sa mutane su ƙidaya waɗanda suka taru a gefen gari da waɗanda ake ciyarwa, ya jinkirta karɓar zakka, ya hana kansa nama da man shanu har jama'a suka farfaɗo. Shugaban da ke son a gaya masa gaskiya, sai ya nuna cewa ba zai hukunta mai kawo ta ba.

Rumbun tsimi da zakka

Kafin agajin Yamai ya iso, abin da ke riƙe gari shi ne abin da ke cikin gari. Garuruwa da yawa a Damargu an gina musu rumbun tsimi na zamani, wanda ake ce wa bankin cimaka: a sayi hatsi da kaka yana araha, a sayar wa 'yan gari cikin bazara da ɗan abin da zai riƙe asusu. Abin da ya kashe mafi yawan waɗanda suka mutu shi ne bashi. Masu faɗa a ji su ne farkon ɗauka, su ne ƙarshen biya, mai riƙe da mabuɗi kuma yana jin nauyin tambayarsu. Wanda ya ci wannan hatsi yana da halin biya bai biya ba, ya sani haƙƙin gari guda ne a wuyansa, kuma ba a yafe shi da istigfari kaɗai sai an mayar.

An sha tambayata ko ya halatta a zuba zakkar hatsi a cikin wannan rumbu. Zakka tana wajaba idan amfanin gona ya kai wusƙi 5, wato sa'i 300, a fitar da kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar. Haƙƙin mabukata ce, mallaka musu ake yi, a wurin da ta wajaba, sai fa in akwai waɗanda suka fi su bukata a wani wuri. Saboda haka ba a mayar da ita jari a riƙa sayar wa talaka abin da yake nasa ne. Mai son ƙarfafa rumbun gari ya yi da sadaka ta daban. Wanda ya ajiye abin da ya noma don iyalinsa babu laifi a kansa. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya ba da shawarar a bar hatsi a zangarniyarsa don ya daɗe, kamar yadda muke ajiye damma. Laifin yana kan mai kwashe hatsin kasuwa lokacin tsanani ya kulle har ya yi tsada, kuma malamanmu na Malikiyya sun ba hukuma ikon tilasta masa fitarwa idan jama'a suka matsu.

Ba fari kaɗai ba ne yanzu. A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarnar da ta kashe mutane kusan 400 a faɗin ƙasa, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe cikin Satumba. Wanda hukuma ta hana shi gini a kan hanyar ƙorama, ya ji. Haka kuma ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa tare da sarakuna da shugabannin makiyaya, kiyaye ta yana cikin rigakafi, domin rikicin manomi da makiyayi ya fi tashi a shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci.

Ina kira ga limamai da ladanai, tun da babu wanda ya fi mu sanin wanda ya daina zuwa sahu saboda rashin ƙarfi, kowa ya tambayi mai garinsa: akwai kwamitin sa ido a yankinmu? Su wane ne a ciki, yaushe suka yi zama na ƙarshe, kuma wa ya kai takardar ƙaramar hukuma? In an zo rubuta sunayen mabukata, a nemi a karanta su da ƙarfi a bainar jama'a, maza da mata suna ji, kafin kowa ya sa hannu.