Mai Land Cruiser, Ga Abin Yi da Abin Bari

Sunan da Land Cruiser ta yi na juriya shi ne yake jawo mata wulaƙanci a hannun mutanenmu. Mutum ya ji ana cewa ba ta mutuwa, sai ya sallama ta ga direba da bakanike, ba ya tambayar komai sai ranar da ta tsaya masa a dokar daji. In kana son ta daɗe, kiyaye waɗannan.

Ka san injin da ke cikin motarka, kada ka ɗauka duk ɗaya ne. Tsohon injin dizal 1HZ mai lita 4.2, wanda ya fito a 1990, yana haƙuri da man da bai cika tsabta ba. Injin V8 na dizal mai lita 4.5 da ya zo da samfurin 200 a 2007 ba shi da wannan haƙuri. Famfonsa da nozul ɗinsa da matsi mai tsanani suke aiki, ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya cinye su. Kada ka sha mai a wurin 'yan bumburutu sai in ba makawa. Fitilar filtar mai ta kama, tsaya a zubar da ruwan da ya taru, kada ka ce sai an isa gida.

Juye baƙin mai duk kilomita 5,000, tare da sabuwar filta. Kada ka sayi na awo daga buɗaɗɗen duro, kuma a ɓalle galan ɗin a gabanka. Filtar iska kuwa, da hunturu ya kama ka riƙa duba ta duk mako. Ta toshe, a canza. Kada a wanke ta da fetur, kada a huda ta.

Zafi shi ne babban abokin gaba, kuma nan ne aka fi yin ɓarna da sunan gyara. Kada ka yarda bakanike ya cire tamostat yana cewa ai ƙasarmu da zafi. Wannan ɗan ƙarfen shi ke tsare injin a ma'aunin zafin da aka ƙera shi a kai. Aka cire shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara lalacewa, ainihin matsalar kuma tana nan a ɓoye: ko lagireto ya toshe, ko fanka ta yi sanyi, ko famfon ruwa ya gaji. A nemo ta a gyara. Kada ka zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto, domin yana barin tsatsa da ɓawo a hanyoyin ruwa. Zuba ruwan sanyaya injin na ainihi. Allurar zafi ta haura, sauka gefen hanya nan take, kuma kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce. Kan injin V8 na fetur alminiyam ne, tafasa ɗaya tana iya lanƙwasa shi.

Injin 1HZ da V8 mai lita 4.7 na samfurin 100 da bel ɗin taimin suke aiki. Kada ka bari ya wuce kilomita 100,000. Ya tsinke a 1HZ mota na tafiya, fistin zai doki bawul, sai sauke injin. Idan 'yar Kwatano ka saya, kada ka gaskata lambar da ke jikin mita. A canza bel da duk wani mai da ke cikinta kafin tafiyar farko.

Ka ratsa ruwa da damina, a duba man aksul da na giya. Ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, a zubar. A riƙa ɗura giris a farfela. Kada ka kulle aksul a kan kwalta, an yi makullin don yashi da taɓo ne.

Sai maganar ƙari, inda son burgewa ke cinye kuɗin gyara. Kada ka sa mata ƙaton ƙarfen gaba alhali shokozobanta sun mutu. Kada ka sa tayoyin da suka fi ƙarfinta, suna wahalar da birki da giya, suna sa mita ta yi maka ƙarya. Kada ka jibga kaya a rufi, mota ce mai tsayi, nauyin sama yana sa ta kifewa a kwana. Kada mai wayarin ya jona maka fitilu babu fiyus. Mai Lexus LX470, 'yar'uwar Land Cruiser, man da ke ɗaga motarka ya sauke ta na musamman ne, kada a zuba masa man birki.

Ƙarin da ya cancanci kuɗinka kaɗan ne: filtar mai ta biyu mai tace ruwa, bututun shaƙar iska na sama ga mai yawan bin burji, da tayoyi masu ƙwari. Duba lambobi huɗun da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko zanenta bai goge ba, cire ta, har da safaya.

Ajiye littafi a cikin motar, a rubuta kowane gyara da ranarsa da kilomitarsa, kuma kai da kanka za ka riƙa dubawa. Idan ba ka san ranar da aka canza bel ɗin motarka ba, kai ta gareji cikin makon nan.